Fiton Kan Gada

Masu rubuto min a ƙasan shafi cewa na cika jan aji, ku matso kusa. Musamman ke da kika ce da ke ce kika samu namiji irin Maurits da tuni kin kwashe kayanki kin tare. Ga shi nan 'yar'uwa, na bar miki. Sai dai ki karanta wannan tukuna, kuma kada ki karanta kina cin abinci.

Ga wanda yau ya fara shigowa, sunana Renske. A Jordaan aka haife ni, a tsakiyar Amsterdam, a bene na biyu, saman shagon wankin kayan da nake aiki a ciki har yau. Ni ba mai magana ba ce. A gidanmu Mama ce ta cinye rabon bakin kowa, ni da Baba muka gaji kunne. Makaranta ma da wuri na bar ta, sai bara na koma ajin manya na yamma, ina zama a kujerar baya ina saurare.

Babana Kobus mai fentin gidaje ne kafin ya ajiye aiki. Duk layinmu da fito aka san shi. Tun yana kan tsani kake jin waƙa na saukowa daga sama kafin ka ga mai ita. A farkon bazarar da ta wuce yana dawowa daga kasuwa da kifi a kwandon kekensa, ayarin 'yan yawon buɗe ido a kan kekunan haya ya bi ta kansa a ƙaramar gadar ƙarshen layinmu. Ƙugu ya karye, kai ya bugu da dutsen gefen hanya. Kafin a ankara ayarin ya ɓace. 'Yan sanda suka ce kamfanonin ba su ƙirguwa, kekunansu iri ɗaya, rigunan ruwansu rawaya iri ɗaya, babu lamba, babu suna, wa za su kama?

Wani mai wucewa ne ya kira motar asibiti, ya naɗe kwat ɗinsa ya tallafe kan Baba da ita. Washegari ya zo asibiti da furanni. Shi ne Maurits. Bai ɓoye mana ba cewa shi ma yana da kamfanin yawon keke, amma ya ce nasa ayarin can wajen lambu da bayan gari yake bi, ba ya taɓa shiga lungunanmu. Shi ne ma ya biya aka ɗaura mana kujerar nan mai hawa da mutum bene, da likita ya ce Baba ba zai ƙara taka matakala ba. Daga nan ya fara nemana, Mama ta fara ce masa “ɗana”, ni kuma ta fara kallona kamar madarar da ranarta ta kusa wucewa.

Baba ya tashi, amma magana sai da ƙyar take fito masa, kalma ɗaya ɗaya kamar ana zaro ta da ƙugiya. Waƙoƙin fiton nan kaf sun tafi. Guda ɗaya ya rage masa, shi ma ba waƙa ba ne: gajere biyu, sai dogo ɗaya mai tsini da ke hawa sama. Haka kawai yana zaune zai yi shi, kuma duk sanda ya yi sai ya maƙe kafaɗa kamar mai jiran duka. Ku riƙe wannan.

Ranar Lahadi Mama ta ƙara shekara. Tun safe muka ture teburi jikin bango, muka jera kujeru da'ira a falo, har da na maƙwabta da kujerar banɗaki. Na yanka cuku ƙanana na soke su da tsinke, na jera tsiran hanta da kokwamba mai tsami a faranti, kek mai kirim yana kan firji yana jira. Mama ta sa rigarta mai ƙyalli ruwan hoda, wadda ke zubar da ƙyallinta a duk inda ta zauna.

Gwaggo Sjaan, yayar Baba, ita ta fara isowa, gashi ja wur kamar tumatir, 'yan kunnen zinariya suna lilo, murya kamar ana jan buhun tsakuwa.

“Barka da uwarki, 'yar nan,” ta sumbace ni a kumatu, dama, hagu, dama. “Naki kek ɗin fa, na aure? Ko sai haƙorana sun gama zubewa?”

“Gwaggo, ai na roba ne.”

“Ji 'yar banza! Ashe da baki.”

Da'ira ta cika, kowa da kofin gahawa a gwiwa. Sai ga Maurits, farin takalmi kamar bai taɓa taka ƙasa ba, rigar sanyi marar hannu, gashi an shafe shi baya yana sheƙi. Furen da ya kawo sai da ya karkata shi kafin ya shiga ƙofa. Ya bi da'irar kujera kujera yana ba kowa hannu. Barka da matarka, Baba. Barka da matar ƙaninki, Gwaggo. Barka da maƙwabciyarku. Mama tana bin sa da ido kamar ita ta haife shi.

“Ga sarkin agwagi ya iso,” in ji Gwaggo Sjaan. Haka take kiran masu rigunan ruwan nan, agwagi.

“Gwaggo, kullum ƙara yarinta kike.”

“Kai kuma kullum ƙara man kai kake. Jibi za mu haɗu a majalisa, yaro. Ni da lemata a layin gaba.”

Jibin da take nufi, taron majalisar unguwa ne kan sabuwar dokar da ake son yi. Ayari kada ya wuce mutum goma sha biyu, kowane jagora ya rataya lamba a bayansa, a hana su lungu lokacin kai yara makaranta da ɗauko su, kuma a hana jagora gindaya kekensa a mararraba yana tare mutanen gari don nasa su wuce.

“Su talatin fa a jere, kamar hanji,” Gwaggo ta ci gaba, cuku a baki. “Ka buga musu ƙararrawa su ɗauka gaisuwa ce, su saki keke su ɗago maka hannu. Shekaranjiya wata ta ja birki a tsakiyar hanya tana ɗaukar hoton tagata, ni ina cikin rigar barci. Na ɗago mata yatsan da ya dace da hoton.”

Aka kwashe da dariya. Maurits ya fi kowa.

“Gaskiyarki, akwai marasa tarbiyya a sana'ar. Amma ku duba, ayari in ya yanke biyu, a nan haɗarin yake. Na baya su tsorata, su keta danja a guje don su cim ma na gaba. Masu rubuta dokar nan ba su taɓa jan mutum biyar a keke ba. A bar kamfanonin kirki su tsara kansu.” Ya juyo ya ɗora hannu a gwiwata. “Shi ya sa Renske za ta yi magana jibi. Na riga na ba da sunanta.”

Cokali ya tsaya min a hanya. Ni? Ni da ko a aji malama ta kira sunana sai wuyana ya yi ja?

“'Yar unguwa ce gaba da baya,” ya ce wa da'irar, ba ni ba. “Kuma mahaifinta ya ɗanɗana a hannun ɓata-garin. In ita ta ce ba doka ake buƙata ba, wa zai musa?”

“Ai kuwa,” Mama ta tafa. “Minti uku ne kacal suke bayarwa. Ko ƙwai bai dahu ba.”

A daidai nan Baba, da ke gefen taga da bargo a cinya, ya yi fiton nasa. Gajere biyu, dogo ɗaya. Ya maƙe kafaɗa.

Cokalin Maurits ya faɗi. Kirim ya ɓata masa riga. Mama ta miƙe da sauri har ƙyalli na tashi, ta ƙure rediyo.

“Kobus, ci kek ɗinka mana.”

Na gani. Kuma na ji. Amma na ce a raina fiton ne da tsini, kowa ma zai firgita. Kun ga yadda mutum ke rufe wa kansa ido da hannunsa.

A kicin Mama ta rutsa ni ina wanke kofuna, ta tura ƙofa da ƙafa.

“Wace irin fuska ce wannan kika yi a gaban mutane?”

“Bai tambaye ni ba, Mama.”

“Sai ya cike takarda kafin ya nemi alfarma wajen matar da zai aura? Kin kusa talatin, Renske. Kina ninke wandunan mutane a ƙasan bene. Ya gaya min, ana tashi daga taron zai kai ki ki ga gidan da ya kama a ƙetaren ruwa. Kuma ba kin ga aljihun rigarsa ba? Akwai ɗan akwatin zobe a ciki, ni na san abin da na gani.”

“Gwaggo ta ce dokar...”

“Gwaggonki ta kori maza biyu, da kare ɗaya. Ita za ki bi?”

Na yi shiru. Shirun nan nawa ne Mama ta saba ɗauka a matsayin to.

Litinin ina aji, wayata na ta zuga a jaka. Na leƙa ta ƙarƙashin teburi.

*Ki sa koriyar rigar nan, ban da wandon jins. Ki fito a 'yar unguwa, amma mai tsabta.*

*Zan turo miki abin da za ki faɗa. Ki haddace, kada ki karanta.*

*Af, a ɗakin taron ba ki san ni ba fa.* Sai 'yar fuskar nan mai kashe ido.

Can kuma:

*In kuka ya zo miki wajen maganar Baba, kada ki danne shi.*

Na daɗe ina kallon wannan na ƙarshen. Duk da haka na rubuta masa *to*, har da zuciya ja. Ku zage ni, na ji.

Talata da yamma ana yayyafi. Na sa koriyar rigar, da doguwar safa baƙa, da takalmin da ke cizona a dunduniya. Mama ta gyara min wuyan riga ta fesa min turarenta. Da na sauko na tarar tayar kekena ta baya ta kwanta. Maurits yana tsaye da nasa keken, yana duba agogo.

“Bar shi, hau baya. Zan sauke ki a kwana kafin a gan mu tare.”

Kun san abin da zaman kariyar keken namiji yake. A kariyar Baba Mama ta zauna suka je aka ɗaura musu aure, tana riƙe da gefen farar rigarta kada taya ta ci. Tun ina yarinya nake jin labarin. Shi ya sa da ya fara taka feda na ɗan bi shi da gudu, na yi tsalle na zauna a karkace, na zagaya hannu a ƙugunsa, sai zuciyata ta yi taushi duk da komai. Na ce wataƙila ni ce mai neman aibu. Na jingina kumatu a bayansa. Har ina jin ɗan akwatin nan a ƙarƙashin hannuna.

Ta gadar Baba muka bi, don ita ce hanya. Lokacin tashi daga aiki ne, hanyar kekuna ta cika maƙil, masu jaka, masu yara, masu kwandon cefane. A gindin gadar, inda layinmu ya haɗu da babbar hanya, sai ga agwagi. Rigunan ruwa rawaya, suna tangaɗi, wani ƙafafunsa na jan ƙasa, wata tana riƙe da waya a sama tana ɗaukar kanta. Rabinsu sun tsallaka, danja ta ba da ja, wata 'yar siririyar jagora ta tsayar da sauran tana jira yadda kowa ke jira.

Na ji bayan Maurits ya sandare.

“Ilse!” ya daka tsawa. “Me na koya miki? Ba a yanka ayari!”

Ilse. Ya san sunanta. Ayarin da ba ya taɓa shiga lungunanmu.

Ban gama haɗa wannan ba ya saki hannu ɗaya, ya cusa yatsu biyu a baki.

Gajere biyu. Dogo ɗaya mai tsini, yana hawa sama.

Yarinyar ta zabura kamar an tsikare ta, ta taka feda ta keta jar danja, agwagin suka biyo ta. Shi kuma ya murɗa kan keken ya gindaya shi a tsakiyar hanyar mutanen gari, ya ɗaga tafin hannu. Ya manta sam akwai mutum a bayansa. Na tashi sama na dira a kan gwiwa. Wata mata mai keken akwati da yara biyu a ciki ta matse birki, kawunan yaran suka gwaru, ƙaramin ya tsala ihu. Na bayanta ya daki tayarta. Ƙararrawa ta ko'ina.

“Kwalara ta ci ka, ɗan iska!” wani mai kwat ya ƙwala masa. “Hanyar ubanka ce?”

Maurits ko kallonsa bai yi ba. Yana tsaye yana ƙirga kawunan agwaginsa da leɓe har na ƙarshe ya wuce. Sannan ya janye keken, ya waiwayo.

“Kash, rigar! Tashi, za mu makara.”

Ina zaune a jiƙaƙƙen dutse, a wurin da aka tsinci Baba ko kusa da shi. Safata ta yage, jini na bin ƙwauri.

“Sake yi,” na ce.

“Me?”

“Fiton.”

Ya ja keken gefe ya jingina a ƙarfen gada. Na ɗauka zai yi ƙarya, na rantse har na so ya yi. Amma sai ya sauke numfashi irin na wanda yaro ya dama da tambaya.

“To. Gara ma mu yi maganar kamar manya. Ni ne a gaba ranar. Jagorana bai zo ba, na ja ayarin da kaina. Na tare hanya yadda ake tarewa, kowa ya tsaya, shi bai tsaya ba. Wani ƙato a cikin baƙin ya kasa birki. Ba ni na buge shi ba, Renske.”

“Ka tafi ka bar shi.”

“Na kai su kwana, na cire rigar ruwan, na dawo. Na dawo fa! Wani zai dawo? Wa ya kira motar asibiti? Wa ya sa kujerar bene?”

“Ka cire rigar tukuna.”

“In da an san kamfanina ne, da an rufe ni. Mutum goma sha wani abu suna ci a ƙarƙashina. Kuma ba don haka ba da ban same ki ba, ko? Ki kalli abin ta nan.” Har da murmushi. “Ai mahaifiyarki ta fahimta.”

Ruwan da ke sauka a wuyana ya koma kamar ƙanƙara.

“Mama?”

“Tun Baba yana asibiti na gaya mata. Mace ce mai hankali. Ta ce abin da ya faru ya faru.”

Na zaro waya na rubuta wa Mama.

*Mama, kin san shi ne?*

Alama ta nuna ta karanta. Tana rubutu. Ta tsaya. Tana rubutu. Ta tsaya.

*Ki gyara gashinki kafin ki shiga.*

Sai wani ya biyo baya:

*Ba don shi ba da yanzu babanki yana gidan tsofaffi yana kallon bango. Ke za ki riƙa goya shi zuwa bene na biyu?*

Ban tsani Mama a lokacin ba, kada ku ce na ce. Na tuna ta a bakin gadon asibiti tana shafa wa Baba mai a ƙafa. Amma na tuna kuma yadda ta tashi ta ƙure rediyo. Wata da watanni mutumin nan yana zaune a gefen taga yana faɗa mana wanda ya kayar da shi da abin da ya rage masa na baki, ita kuwa tana tura masa kek. Ni kuma ina zuba wa mai fiton gahawa, ina tambayarsa ko a ƙara sukari.

Na miƙe. Maurits ya sunkuya yana duba gwiwata, na ɗauka tausayi ne. Ya ciro hankici, sai kuma ya mayar aljihu.

“Kin san me? Kada ki goge. Ki shiga a haka. Ki ce a hanya wani ayari marar tsari ya ture ki, irin na masu ɗaukar baƙi a tasha. Zai fi duk abin da na rubuta miki.”

Jama'a, na taɓa tsintar mataccen ɓera a cikin injin wanki, ya kwana a ruwan ɗumi. Da hannuna na cire shi. Ban ji abin da na ji a kan gadar nan ba.

Na juya na kama hanya da ƙafa, ina ɗingishi. Ya biyo ni a hankali a kan keken yana cewa haka ma ya fi, kada a gan mu tare. Shi ma ya ɗauki shiruna a matsayin to. A gidanmu ya koya.

Ɗakin taron tsohon ɗakin motsa jiki ne na makarantar firamare, yana warin jiƙaƙƙun kwat da gahawar kofin takarda. 'Yan majalisa suna gaba a dogon teburi, shugabarsu mace ce mai gajeren farin gashi, da agogo a gabanta. Gwaggo Sjaan tana layin gaba kamar yadda ta yi alkawari, lema a cinya. Abin da ban zata ba, Baba yana gefenta da ƙarfen dogarawarsa mai taya, an sa masa kwat ɗin fita.

“Uwarki ta shiga wanka na sato shi,” ta raɗa min da muryar da duk ɗakin ya ji. “Gadarsa ce ake magana a kai. Ke kuma wa ya ci miki gwiwa?”

“Zan gaya miki, Gwaggo.”

Aka fara kiran mutane. Wani saurayi ya tashi ya ce shi mazaunin unguwa ne, kuma baƙin nan ba su taɓa damunsa ba. Wata ta ce a matsayinta na maƙwabciya tana jin daɗin ganinsu. Wani ya ce doka za ta kashe ƙananan sana'o'i. Na bi su da kallo ɗaya bayan ɗaya. A shagonmu nake wanke zanen gadon rabin unguwar nan, na san wanda ke zubar da jan giya, na san wanda ke kwana da kyanwa. Waɗannan maƙwabtan ban taɓa ganin ko safarsu ba. An warwatsa su cikin kujeru, nan ɗaya can ɗaya, cikin kayan gida. Maurits yana layin ƙarshe, ya harɗe ƙafa. Da muka haɗa ido ya ɗan bubbuga aljihun rigarsa.

“Renske Stoop,” in ji shugabar. “Minti uku.”

Na fita. Takalmin na cizo, safar a yage, koriyar rigar ta sha taɓo. Na tsaya gaban makirufo na kalli kawunan mutane, sai komai ya gudu daga kaina, na Maurits da nawa duka. Shugabar ta danna agogo. Wani ya yi tari. Na ga Maurits yana gyaɗa kai, yana jiran kukan da ya yi oda.

Magana dai ba gadona ba ce. Amma ni 'yar Kobus ce, kuma tun ina riƙe masa gwangwanin fenti a gindin tsani ya koya min yadda ake naɗe harshe a bayan yatsu.

A raina na ce, Baba ka yafe min.

Na cusa yatsu biyu a baki. Gajere biyu, dogo ɗaya. Makirufon ya ɗauke shi ya buga a bango.

Maƙwabtan nan na aro, jagororin kamfaninsa, suka zabura a tare. Saurayin da baƙi ba su taɓa damunsa ba ya miƙe tsaye bai sani ba, tafin hannunsa a sama yana tare hanyar da babu ita. Maƙwabciyar ta dafe gefen kujera kamar kan keke, ta waiwaya baya. Dukansu baya suka waiwaya, wajen mutum ɗaya, yadda suka saba. Sauran jama'a suka bi idonsu.

Baba ya rufe kansa da hannu biyu. Gwaggo ta riƙe shi. A hankali ya sauke hannun, ya kama ƙarfensa, ya juya da ƙyar ya bi inda kowa ke kallo. Ya daɗe yana kallon Maurits. Leɓensa na motsi, kalmar ta ƙi, ya sake jawo ta.

“Kai ne,” ya ce. Tun faɗuwarsa ban ji muryarsa ta fita haka ba.

“Wa?” Gwaggo Sjaan ta miƙe, lema a hannu. “Kobus, wa? Sarkin agwagi?”

Shugabar ta bubbuga teburi. “A zauna, don Allah a zauna. Malama, lokacinki yana tafiya. Kina da abin faɗa ko fiton ne ke nan?”

Sai ƙofar baya ta buɗe. Mama ce, gashi a jiƙe, kwat a kan rigar gida, hular Baba a hannunta. Ta kalli Baba a tsaye, ta kalli Maurits, ta kalle ni. Ba ta yi fushi ba, da ma fushin ta yi. Kai kawai ta girgiza min a hankali, tana murɗa hular, ni kuwa na ga kujerar benen nan a idonta, da gidan ƙetaren ruwa, da ɗan akwatin.

Wayata ta yi zuga a aljihu. Ban duba ba, na ga babban yatsan Maurits yana aiki daga inda nake.

Na jawo makirufon kusa da bakina.

“Sunana Renske, 'yar Kobus mai fenti. An ce in gaya muku ban san mutumin can mai farin takalmi ba.” Na haɗiye yawu. “Na san shi. A kariyar kekensa na zo.”